Uwar ɗan fari a gaban likita: shekara bakwai bayan Yaya Yusha'u

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Dakta Yusha'u. Ranar da labarin ya same ni ina kasuwar Makarfi, a layin masu mazarƙwaila, ina zaɓar masa wadda zai koma da ita wurin karatu. Da hantsi ne, rake ya cika kasuwa, motoci sai lodi suke yi. Wayata ta yi ƙara, na ga lambar matarsa, amma da na ɗauka sai na ji muryar ƙanenta. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara. Sannan ya ce motar da Yaya ya shiga daga Zariya zuwa Kudan ta yi haɗari, sai dai mu yi haƙuri. Mai mazarƙwaila ya riga ya ƙulle mini leda yana miƙo mini. Na tsaya ina kallon hannunsa, ban san ko in karɓa ko in bari ba.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gidanmu na Kudan, a yi sauka, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a jarida ba. Ni malamar firamare ce a Ikara har na yi ritaya, rubutuna bai saba wuce allo ba. Bana ne abin ya zame mini dole. Jikata Asma'u, da muke kira Ma'u, 'yar shekara biyar, tana kwance da irin ciwon da Yaya ya tafi koyon maganinsa, kuma da hannuna a cikin jinkirin da aka yi kafin a gane shi.

Yaya likitan yara ne. Ya daɗe yana aiki a wani asibitin gwamnati a yankinmu, kuma duk Asabar ɗin da ya zo gida zauren mahaifinmu kan cika da mata da goyo tun kafin ya karya kumallo. Da yawansu masu sikila ne, yatsu a kumbure, ido ya yi ɗorawa, yaro na kukan ƙashi. Akwai kuma waɗanda suka fi tayar masa da hankali: yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura aka ce hangum ne, wata biyu bai saɓe ba, jaririyar da wani fari ke ƙyalli a ƙwayar idonta aka ce hakiya ce, yaron da cikinsa ya yi tauri gefe guda aka ce saifa ce, har wanzami ya riga ya yi masa tsaga. Yakan duba su, ya rubuta takarda zuwa asibitin koyarwa, ya raka su har bakin titi yana nanata musu kada su kwana biyu. Idan ya dawo zaure sai ya zauna shiru.

Wata rana na tambaye shi me ya sa shi da yake likita ba zai yi musu maganin da kansa ba. Ya ce da ni, "Malama, ciwon nan na san sunansa, amma ban san kan maganinsa ba." Malama yake kira na tun ranar da na fara koyarwa, da tsokana ya fara har ya zama sunana a bakinsa. Ya yi mini bayani cewa maganin dajin yara ba irin wanda muka sani ba ne. Da nauyin yaro da tsayinsa ake auna shi, yana kashe ciwon, amma yana iya kayar da yaron idan hannun mai ba shi bai ƙware ba. Sai likita ya san ranar da zai ba da shi da ranar da zai dakata, ya san lokacin da jini ya yi ƙasa, ya san zazzaɓin da ba a kwana da shi. Wannan karatu ne daban, bayan mutum ya gama zama likitan yara, kuma wuraren da ake koyar da shi kaɗan ne.

Ya nemi gurbin karatun ba sau ɗaya ba. Lokacin da ya samu, furfura ta fara fito masa. Abokansa na Kudan suka sa shi gaba, wani ya ce a saya masa gajeren wando da jakar goyo, wani ya ce idan malami ya zane shi ya zo ya kai ƙara wurin 'ya'yansa. Shi dai dariya yake yi yana cewa gemu ba ya hana ilimi. Wata takwas ya yi a cikin karatun shekara biyu. Hutu ya zo yi mana.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta ce masa komai a kan tafiyar ba. Ni ta kira ɗaki ta ce in tambayi ɗan'uwana, shi karatun nan nasa ba shi da ƙarshe ne? Yana tsakar gida a lokacin, yana jin ta. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma Inna tsohuwar hannu ce a kan kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wannan yaron, ko ɗan'uwanku, shi ke nan. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, idan ya shigo ɗaki takan sami abin da za ta juya ta gyara. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son sa. Shi ne ya gyara mini tunani bayan mun girma. Ya ce Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma duk gidan ita kaɗai ta san yawan lomar da yake ci, kuma ranar da ya rage biyu, washegari zai tarar da kunun tsamiya a bakin ƙofarsa ba tare da an ce ga wanda ya ajiye ba.

Daga nan ya samo wata hanya tasa ta aiki, wadda ita ce dalilin wannan rubutu.

A ƙauyukanmu, idan ɗan fari ba shi da lafiya, ba uwarsa ce ke magana a gaban likita ba. Kaka ce, ko gwaggo, ko matar wan miji. Uwar takan tsaya a baya, ta ja mayafi, ta zuba wa ƙasa ido kamar ba da ɗanta ake ba. Yaya ya ce ya yi shekaru yana rubuta abin da kakanni suka faɗa masa kafin ya lura. Wani yaro ne daga wata ruga a wajen Paki ya buɗe masa ido. Kakar ta ce ciwon kwana goma ne, ya yi aiki da kwana goma. Bayan yaron ya rasu, wata ma'aikaciyar jinya mai jin Fillanci ta ji uwar tana faɗa wa 'yar'uwarta cewa tun kafin a yi shuka take ganin dasashinsa na jini. Ba wanda ya tambaye ta, ita kuma ba za ta buɗe baki a kan ɗan fari a gaban surukarta ba.

Tun daga ranar, tambayar farko da Yaya ke yi ita ce ko yaron na fari ne. Idan aka ce e, sai ya saurari kaka da ladabi har ta gama, ya yi mata godiya, sannan ya aike ta yankar kati ko karɓo wani abu da ya san layinsa da tsawo. Uwar kuma ba ya zama yana fuskantar ta. Yakan juya gefe yana rubutu, kuma ba ya cewa ɗanki ko 'yarki, ba ya ambatar sunan yaron. Sai ya tambayi kaya da kwano. Rigar Sallah tana shiga har yanzu? Tuwon da ake zubawa, yaushe ya fara saura? Wurin wanka, akwai inda hannu ke ji ya bambanta? Ya ce mace za ta iya ba da labarin riga ba ta keta kunya ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na sha yi masa dariya a kan wannan. Nakan ce shi dai likitan riguna ne. Yakan ce in yi dariyata, amma in riƙe maganar, wata rana zan zama kaka.

Na zama kaka. 'Yata Bilkisu tana aure a wani ƙauye kusa da Makarfi. Ta gama sakandare, tana da waya, tana karanta saƙo da Turanci, saboda haka ban taɓa kawo wa raina cewa al'adar Inna ta bi ta ba. Amma gidan da ta shiga gida ne na manya, kuma Ma'u ce ta fari. Ban taɓa tsayawa na lura cewa Bilkisu ba ta kiran sunanta ba. Wannan yarinyar take cewa, ni kuma kunnena ya saba da jin haka tun a ɗakin Inna, bai ji wani abu sabo ba.

Bayan ƙaramar Sallah suka zo mini Ikara. Muna tankaɗe a tsakar gida, Bilkisu ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, siket ɗin da aka ɗinka wa wannan yarinyar ya daina rufuwa. Na ce girma ne, yaran yanzu kamar ana jan su. Na ma tsokani Ma'u na ce ta cinye mana tuwon gida, ta murguɗa baki ta ce ai ni ce tsohuwa mai cin goro ba na ba kowa. Aka yi dariya. Bilkisu ta ci gaba da tankaɗe. Yau na san cewa duk ƙarfin da take da shi ta tara ta faɗi wannan magana, ni kuma na mayar da ita wasa.

Bayan kamar wata guda zazzaɓi ya kama yarinyar, muka kai ta wani asibiti kusa da su, ni da Bilkisu da surukarta. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya ne, matashi, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tambaya wace ce uwar. Kafin kowa ya motsa na ce ni ce kakarta, ya tambaye ni. Na ce zazzaɓi ne na kwana uku, da rashin cin abinci. Ya tambaya ko akwai wani abu kuma. Na ce babu. Aka gwada jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro, aka ba mu magani. Ba na ɗora wa matashin likitan nan laifi. Abin da na ba shi, da shi ya yi aiki. Bilkisu na tsaye a bayana, mayafi a baki. Ni da na zauna a zaure na ji wannan darasi daga bakin mai shi, ni ce na tsaya a gaban uwa na rufe ta.

Mako bakwai muka ƙara. Sannan wata safiya Bilkisu ta kira ni ta ce, "Mama, ki zo ki ga wani abu." Jini ne a fitsarin yarinyar.

A asibitin koyarwa aka yi hoton ciki, aka ce ƙari ne a ƙoda, kuma ya girma. Aka tura mu ɓangaren yara masu ciwon daji, wurin wata likita mai suna Dakta Sakina. Ban san ta ba, amma da ta ga sunan mahaifinmu da garinmu inda na cike sunana a kati sai ta dube ni da kyau, ta tambaya ko ina da dangantaka da marigayi Dakta Yusha'u. Ashe 'yar Paki ce, a ƙarƙashinsa ta yi aikinta na farko bayan ta gama makaranta, kuma shi ya fara sa mata son wannan fanni. Yanzu tana cikin irin karatun da ya fara.

Na buɗe baki zan fara ba da labarin ciwon, ta saurare ni har na kai aya. Ta tambaya ko yarinyar ta fari ce. Na ce e. Ta ce, "Mama, don Allah ki taimaka mana ki kai takardar nan ɗakin gwaji. Layin da ɗan tsawo, sai kin yi haƙuri."

Na karɓi takardar. Na san abin da ake yi mini. Ban yi nisa ba, na zauna a benci a bakin ƙofa, Allah ya yafe mini, na kasa kunne. Na ji ta tambayi siket. Sannan na ji muryar 'yata, ƙasa ƙasa, tana cewa tun kafin azumi ne, wurin wanka, hannunta ya ji wani abu kamar ƙwallon mangwaro a gefen hagu. Ta faɗi ranar da ya kai kamar lemo. Ta faɗi yadda yarinyar ta daina kwanciya a wannan gefen, da yadda take barin wasa ta zo ta jingina da bango. Komai tana riƙe da shi, wata bayan wata. Dakta Sakina ta tambaye ta ko ta gaya wa wani. Bilkisu ta ce, "Na gaya wa Mama maganar siket."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na koma ciki ban iya haɗa ido da kowa ba. Daga baya na tambayi likitar ko da mun zo tun lokacin da abin ya zo da sauƙi. Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta kuma ƙara mini nauyi ba. Ta ce zuwa da wuri kullum ya fi, amma irin wannan ciwo yara da yawa suna warkewa idan aka bi magani har ƙarshe, mu mai da hankali ga abin da ke gaba. Na tambaye ta ko a makarantarsu ake koya musu tambayar riga. Ta ce babu shi a littafi, a wurin Yaya ta gani, kuma tana nuna wa ƙananan likitocin da ke biyo ta, waɗanda suka tsaya suka saurara.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin wasu abubuwa. Yanzu a garuruwanmu da yawa iyaye kan nemi a gwada jinin saurayi da budurwa saboda sikila kafin a sa ranar aure, abin da a zamaninsa idan ya faɗa ake cewa yana shiga ikon Allah. Mutane sun rage jin tsoron ambatar sunan ciwon daji. Ma'aikacin lafiya a Kudan yana iya ɗaukar hoton kumburi a waya ya tura wa likita a birni. Amma ina jin da ya shiga ɗakin da Ma'u take kwance, ya ga gadaje a cike, uwaye a kan tabarmi tsakanin gado da gado, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, ya ga hannayen da suka iya auna maganin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, da ya koma irin shirun da yake yi a zaure. Kuma da ya tambayi ina wane, ina wance, cikin waɗanda suka yi karatu tare, da an ce masa wasu sun haye teku ba su dawo ba. Ba na zagin su. Kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Amma yaron da ke Paki ba zai bi su can ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan. Karatun Dakta Sakina bai ƙare ba. Saura shekara guda, kuma ba a nan ake yin ta ba, sai ta tafi wata ƙasa inda ake da kayan aikin da za ta koya. An ba ta gurbi, za ta tafi nan da wata biyu. Ita da kanta ta gaya mana, ta ce akwai babban likita a sama da ita da wasu abokan aiki da za su ci gaba da duba Ma'u, kada mu damu. Na ce mata Allah ya ba da sa'a, kuma har zuciyata na faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba ta je ba, jikokin wasu da ba a haifa ba tukuna za su zo su tarar da takarda kawai, irin wadda Yaya ke rubutawa. Amma da na fito na zauna a bencin nan, sai na tarar wani ɓangare na zuciyata yana roƙon a ɗaga tafiyar. Bilkisu ta saba da ita. Ita kaɗai take gaya wa idan yarinyar ta yi amai ko bakinta ya yi gyambo. Ban sani ba ko wanda zai maye gurbin likitar zai san ya juya gefe ya tambayi kwano. Ban sani ba ko ita kanta za ta dawo. Na tambaye ta, ta ce in sha Allahu, iyayenta na Paki. Haka Yaya ma ya ce da zai tafi, kuma da gaske yake.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai. Ranar jana'izar Yaya ba wanda ya ga hawayenta, har yau kuma ba ta ambaci sunansa ba. Da aka gaya mata ciwon Ma'u, da kuma yadda likitar ta fitar da ni ta zauna da Bilkisu, ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Wannan aikin ɗan'uwanku ne."

Yaya bai bar asibiti da sunansa ba, bai karɓi takardar shaidar karatun da ya tafi nema ba. Idan na auna abin da ya rage nasa, ban da 'ya'yansa da addu'ar mutanen da ya duba, tambaya ce guda da yadda ake yin ta, kuma a iya sanina tana hannun mace ɗaya da 'yan ƙalilan da suka koya a wurinta. Shi ya sa na rubuta ta a nan, ko wani mai koyar da likitoci zai gani ya sa ta cikin abin da yake koyarwa, ko wata kaka irina za ta karanta ta ja bakinta ta matsa gefe. Ni yanzu idan likita ya shigo zagaye, nakan ɗauki buta in fita ba sai an aike ni ba.

An yi wa Ma'u ƙarin maganin sau huɗu. Gashinta ya zube, ta rame, amma jiya ta ce in sayo mata rake in feraye mata. Likitoci sun ce ƙarin ƙodar ya ɗan ja baya, sai dai jininta ya yi ƙasa, sai ya hau kafin a shiga da ita tiyata. Har yanzu da nake wannan rubutu ba a sa ranar aikin ba.